Muhyiddeen Mai Juya Ƙeya

Da an sallame sallar asuba, kafin masu koko su gama hura wuta, ƙanena Muhyiddeen ya riga ya isa shagonsa da ke bayan tashar mota a Gaya. Babu mai jiransa a wannan lokaci, zama ne kawai ba ya iyawa. Zai buɗe ƙofa, ya goge faifan sola da tsumma a bakin gora, ya kunna kwamfutocin da suka kwana a wurinsa, sannan ya shiga zagaye su kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ya leƙa wannan, ya taɓa waccan, ya fita bakin titi ya ɗaga waya sama yana neman sabis, ya dawo. Shayinsa kullum sai ya huce yake tunawa da shi. Tun yana yaro haka yake. Mahaifiyarmu, Allah Ya ji ƙanta, takan ce ko a goye ƙafarsa ba ta daina motsi.

Ni ce yayarsa, Lami, na koyar a firamare har na yi ritaya. Na san za a ce yabon naka yabon kai ne. A ce mana. Na jira wani ya yi ban ga mai niyya ba, ga shi kuma ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin hawan jinin ido ya cinye masa gani, har rubutun kan allo ya zamar masa hazo. Tun da na ji wannan labari ni ma na kasa zama wuri ɗaya, don haka gara in faɗi abin da na gani da idona.

Da gyaran rediyo ya fara, ya koma kan waya, ya ƙare a kwamfuta. Aikin da aka fi kawo masa shi ne fomat, wato in kwamfuta ta yi nauyi a wanke ta tas, a zuba mata sabon windo, manhajar da ke tafiyar da ita. A wasu shagunan kafin ka je kasuwa ka dawo an gama. A wurin Muhyiddeen kuwa sai ka yi ta sintiri. Wai bayan an zuba windo ne aikin yake farawa. Sai ya duba ko an mayar da kariyar da aka kashe lokacin zubawa, sai ya bar kwamfutar ta sha duk gyare-gyaren da ake turo mata ta intanet, sai ya rufe duk wata hanya da wani zai iya leƙowa daga nesa. Yakan ce kafinta ne ya kafa maka sabon ƙyaure, ya yi kyau, amma ya tafi bai sa sakata ba.

Inda ya fi ba mutane haushi shi ne wajen imel. Sabon windo yakan nemi a sa masa imel na mai kwamfuta, mu kuwa mutanenmu kowa an taɓa buɗe masa imel a wani shago shekaru da suka wuce, amma kalmar sirrin ta bi ruwa. Mafi yawan masu gyara sai su sa nasu kawai, a wuce wurin. Muhyiddeen ko za ka yi birgima ba zai sa nasa ba. Zai zaunar da kai ya buɗe maka sabo, in an zo wajen kalmar sirri ya miƙe ya juya fuska bango, hannu a baya, kamar ɗalibin da na ba horo, har sai ka ce ka gama. Daga nan 'yan tasha suka raɗa masa Mai Juya Ƙeya. Na taɓa jin wani dattijo yana ce masa, "Haba Malam, ni fa na yarda da kai."

Ya ce, yana kallon bango, "Na gode, Baba. Amma abin da ban sani ba, gobe ƙiyama ba za a tambaye ni shi ba."

Wannan nawar tasa ta kore masa masu kawo aiki da yawa, ni kaina na sha yi masa faɗa a kai. Cikin waɗanda ta kora har da Kubura.

Kubura 'yar Gafasa ce, mai ɗaukar hoto, amma hoton mata zalla take ɗauka. Ita ake kira ranar kamu da ranar lalle da wunin suna, can cikin gida inda mata ke cire mayafi su sake, su yi rawa ba mai ganinsu. Gidajen da ba su taɓa yarda mai hoto ya taka musu zaure ba sun buɗe mata ƙofa saboda alkawari guda: namiji ba zai ga hoton ba, sai wanda mai hoton ta nuna wa da hannunta. Da wannan alkawari take ciyar da mahaifiyarta, kuma in ya karye babu abin da ya rage mata a garin.

Bara waccan, bayan babbar sallah, damina ta kankama bukukuwa kuma sun yi yawa, kwamfutarta ta fara tsayawa. Ta kawo wa Muhyiddeen.

"Baba, don Allah yau nake so. Amare na jirana."

"Yau ba za ta yiwu ba, 'yata. Sai jibi, in sabis ya yi kyau."

Ta ɗauki kayanta ta tsallaka titi wurin Kamalu, wani magidanci mai saurin hannu da ya buɗe shago kusa da masu faci. Kamalu ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya saboda Allah. Ya wanke mata kwamfuta, ya mayar mata da hotunanta, da windo ya nemi imel ya sa nasa kamar yadda yake yi wa kowa, ta koma Gafasa kafin la'asar tana murna. Abin da ita ba ta sani ba, shi ma bai lura ba, shi ne imel ɗin yana da wani rumbu a intanet. Da zarar kwamfuta ta samu data, sai ta riƙa kwafar hotuna da kanta tana zubawa can. Kuma duk kwamfutar da ke ɗauke da wannan imel, daga rumbun nan take ɗiba. Ashe hotunan amaren Gafasa sun fara tafiya gida-gida, duk inda Kamalu ya taɓa yin fomat.

Wadda ta fara gani mace ce, wannan kuwa rahamar Allah ce. Talatu, matar wani mai sayar da taki a Kademi, ta kunna kwamfutar mijinta za ta sa wa yara karatu, sai ga 'yar ƙanwar babarta da gashi a waje, hannu cike da lalle. Ta nemi lambar Kubura ta kira ta.

Ina shagon Muhyiddeen ranar, na kawo masa ɗanwake. Kubura ta faɗo ciki, ƙafarta duk taɓo, ta dire kwamfuta a kan tebur ta durƙushe. "Baba, na shiga uku. Na kashe kaina, na kashe 'ya'yan mutane."

Da ni ce, wallahi sai na fara da cewa ai ga irinta nan, sauri ya haifi nawa. Shi bai ce ba. Ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta wa ya yi mata aikin, ya tambaya ko an nemi imel ɗinta. Ta ce ba a nema ba. Na ga fuskarsa ta canza. Ya kashe hanyar da kwamfutar ke shiga intanet, ya juyo allon wajena, shi kuma ya juya ƙeya.

"Yaya, matso. Yau ke ce idona. Ni zan faɗa, ke ki danna."

Ni da ban wuce tura saƙo a waya ba! Amma haka ya yi ta ba ni umarni yana kallon bango, ƙafarsa na ta kaɗawa. Muka kwashe hotunan duka zuwa wani faifan ajiya, muka raba kwamfutar da imel ɗin Kamalu. Bai tsaya rufe shago ba, muka tsallaka titi.

Da Kamalu ya gane abin da ya faru, sai ya zabura. Ya finciko kwamfutarsa yana cewa, "Bari in goge komai, yanzu-yanzu!"

Muhyiddeen ya riƙe masa hannu. "Tsaya. Mun cire ta Kubura, amma sauran fa? Rumbun nan akwai kayan wasu a ciki. Kana gogewa, nasu ma zai ɓace a kwamfutocinsu. Tashi ka ba Yaya kujera."

Na zauna, maza biyu suna kallon bango a bayana, Kubura na nuna min nata ina gogewa. Ya sa na shiga kwandon shara na rumbun na sake goge su a can, ya sa Kamalu ya canza kalmar sirri. Na sauke ajiyar zuciya na ce alhamdulillahi, an gama.

Ya ce, "Ina! Yaya, tsugune ba ta ƙare ba. Mutanenmu sai sun ga dama suke sa data. Kwamfutar da ta riga ta kwafa ta zauna ba data, hotunan suna nan a cikinta. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya." Ya juya ga Kamalu. "Su wa ka yi wa aiki? Ka tuno min su. Ba faɗa na zo yi ba."

Kamalu ya yi ta tunowa yana share gumi, wane na Balan, wane na Kademi, wani malamin asibiti, wani mai shago a Ajingi. Kafin ya rufe baki Muhyiddeen ya tayar da babur. Ni, da jikoki da ciwon gwiwa, na ɗare bayansa.

Ba na fatan in sake irin wannan tafiya. Hanya duk ta jiƙe, gero ya kai ƙugu hagu da dama, mu kuwa muna ta kutsawa cikin kwatami, yana tuƙi yana lissafin wanda ya fi hatsari a bari. In na ce mu tsaya in miƙe ƙafa sai ya ce, "Yaya, yanzu haka wani yana kunna tasa." A Kademi muka tarar Talatu ta naɗe kwamfutar da zani ta tura ƙarƙashin gado, ta ce wa mijinta ruwa ne ya taɓa ta. Allah Ya saka wa wannan mata. A Balan sai da muka bi mai kwamfuta har gona, muka same shi yana noman gyaɗa.

Duk inda muka je magana ɗaya yake yi: "An bar ƙofar kwamfutarka a buɗe, na zo in rufe." Bai taɓa furta kalmar hoto ba, bai ambaci Kubura ba, bai kuma ɓata sunan Kamalu ba. In sun tambayi dalilin da ya sa yayarsa ce ke zama gaban allo, sai ya ce koya min aiki yake. Ni in goge abin da muka zo gogewa, shi ya karɓa ya cire imel ɗin, ya mayar da kariyar da aka bari a kashe, ya sa mai ita ya zaɓi kalmar sirrinsa. Nan ma sai ya juya ƙeya, ko da a gindin bishiya ne ba bango.

Wadda ta fi tayar masa da hankali ita ce ta Ajingi, muka kuma isa a ranar kasuwa. Ta Hadi ce, mai shagon cajin waya da tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi. Muka tarar da shagon cike da samari, wayoyi a jone jikin kwamfutar kamar 'yan awaki a nono, kowa ido a kan allo yana zaɓen abin da za a tura masa. In hoto ɗaya ya shiga waya ɗaya a nan, kafin magariba ya zaga ƙaramar hukumar.

Muhyiddeen ya yi sallama, ya leƙa kwamfutar ta gefe, ya ga kariyarta a kashe. Sai ya ɗaga murya. "Hadi, wannan kwamfutar taka cike take da bairos, cutar nan ta kwamfuta. Duk wayar da ke jone da ita tana iya kamuwa."

Bai yi ƙarya ba, daga baya da ya bincika ta haka ya tarar. Amma ka ga rububi! Kowa ya fizge wayarsa yana zagin Hadi, kafin ƙiftawar ido shago ya zama wayam. Hadi ya taso da faɗa, wai an kashe masa kasuwa. Muhyiddeen ya ja shi waje, ni na zauna. Suna nan kuwa, duk amaren, a wata jaka mai sunan Turanci da ba ta ja hankalin kowa ba. Nan take na goge su.

Da na fito na ji Hadi yana magana ƙasa-ƙasa. "Malam, in dai wancan ne, na gani. Ɗaya na buɗe, na ga mata ba mayafi, na rufe. Na ɗauka wani ne yake so ya ja min masifa. Wallahi ban tura wa kowa ba, ni ma ina da ƙanne mata."

Muhyiddeen ya dube shi. Sannan ya ce, "Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa." Ya koma ciki ya gyara masa kwamfutar har rana ta yi sanyi.

Guda ɗaya ce ba mu samu ba. Wani ɗalibi ne ya tafi da ita makaranta can kudu, aka ce kuma ya sayar. An canza kalmar sirri, mai yiwuwa ma ba ta taɓa kwafar komai ba. Na faɗa masa haka ya fi a ƙirga. Har yau in ya ga ɗan unguwar su yaron sai ya tsayar da shi ya tambaya. Yakan ce wadda bai taɓa da hannunsa ba bai yarda da ita ba. Kai ne ka hana kanka sukuni, Muhyiddeen, a kan 'ya'yan da ba ka san fuskarsu ba, kuma ba ka so ka sani.

Da muka dawo Kubura ta tambaye shi ko ta faɗa wa amaren, tunda an riga an goge. Ya ce, "Hotunan nan ba nawa ba ne, 'yata, ke ma ba naki ba ne." Ta gane. Ta bi gidajen da ƙafarta ta faɗi gaskiya. Wasu suka yi mata addu'a, wata uwa ta kore ta da tsintsiya. Labari ya bazu, ba hotunan ba, labarin kawai, amma ya isa. Aka daina kiranta. Kaka ta yi, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, Kubura na zaune a gida kyamara na cikin akwati. Ta fara maganar sayar da ita.

A lokacin ne aka sa ranar auren Afra'u, 'yar Muhyiddeen ta fari. Mu mata muka zauna muna shawarar mai hoto, wata ta kawo sunan wata daga Kano. Shi da ba ya sa baki a harkar biki, sai ga shi a bakin ƙofa yana kaɗa makullin babur. Ya ce Kubura za a kira. Uwar amarya ta ce, "Malam, mutane za su yi magana." Ya ce, "Su yi. Na san kwamfutar nan ciki da bai, kuma na san mai ita. Wadda ta je ta tona kanta alhali tana iya yin shiru, ita zan ba 'yata."

Ranar kamun, mata daga Gafasa da Balan da Kademi suka ga Kubura a tsakar gidan Mai Juya Ƙeya tana ɗaukar 'yarsa ba mayafi. Ba wanda ya yi wa'azi. Kafin wata ya ƙare wayarta ta dawo da ƙara, yanzu kuma sai ka yi kamun ƙafa kafin ka samu ranarta.

Ku masu gyaran kwamfuta da waya, daga Gaya har Ajingi, da ku nake. Abin da ake kawo muku ba ƙarfe ba ne kawai, akwai mutuncin gidaje a ciki. Kada ku sa imel ɗinku a kayan wani don kuna sauri, kada ku kashe kariya ku manta da ita, kuma in an zo wajen kalmar sirri, bango na nan. Kamalu ya koya, na wuce shagonsa kwanan nan na gan shi tsaye hannu a baya yana kallon kalanda. Mu ma masu kai gyara mu rage gaggawa, in an ce jibi mu haƙura da jibi.

Bayan biki Kubura ta wanko hoton Afra'u babba ta kawo shago. Ina nan zaune. Ta miƙa masa, bai karɓa ba sai da ya tambaya, "Akwai wasu mata a ciki?"

"Ita kaɗai ce, Baba. Ita ta ce in kawo maka. Wannan ka kalla."

Ya karɓa da hannu biyu. A karon farko a rayuwata na ga ƙanena ya zauna, ƙafarsa ba ta motsi. Ya matso da hoton har ya kusa taɓa hancinsa, ya kai shi nesa, ya fita da shi bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe. Sannan ya dawo ya miƙo min.

"Yaya, ki sake zama idona. Ta yi kyau?"

Na ce ta yi kyau, Muhyiddeen, kamar mahaifiyarmu sak.

Na Lami, mai juya ƙeya, mun gode. Lokacin da idonka ke gani tangaran ka kawar da shi daga abin da ba naka ba, yau ga naka a hannunka ya ƙi ganuwa. Allah Ya san da wannan, ba zai bar ka haka ba. Ka rufe shagon ka dawo gida ka sha shayinka da zafi. Hoton yana rataye a ɗakinka, duk ranar da ka so, ka aiko a kira ni in zo in faɗa maka abin da ke ciki.